Mai Iyon Safe

Da safe Mashkura ta fara ganinsa a bakin gulbin Kwara, tana wanke tukwanen abincin sayarwa. Ya gangaro a sunkuye kamar tsoho, ya shiga ruwa ya yi ta iyo. Da ya fito sai ga saurayi miƙaƙƙe.

"Malam, wa ya shiga, wa ya hito?" ta tambaye shi tana dariya.

"Duk ni ne, sunana Albashir. Likita a Birnin Kebbi ya ce gaɓoɓin ƙashin bayana ke kumburi. In na kwanta su sandare, in na motsa su saki. Magani da iyo ke riƙe da ni."

Kafin damina ta faɗi, saƙonni sun fara yawo tsakaninsu.

"Zinariyata, yau bayana bai yi gardama ba. Ya san za ki zo."

"Ka ce mishi ya ci gaba da ladabi, Kifina."

Amma da maganar aure ta taso, mahaifinta, Malam Ɗanmusa, ya ƙi. "Ba ni ba da ɗiyata ga wanda zai ƙare da doro," in ji shi. Badamasi ne ya zuga shi, wani ɗan kasuwa mai shigo da kaya daga Benin, wanda ya daɗe yana neman Mashkura. Har ya baza a Bagudo cewa leƙen mata ke kai Albashir gulbi.

Wata safiya Badamasi da abokansa biyu suka tare shi yana fitowa daga ruwa. Ɗaya ya shaƙe shi, ɗaya ya zabga masa gora a haƙarƙari. Badamasi ya warware sarƙar babur ya riƙa tsula masa a gadon baya, fata na tsagewa, jini na bin yashi.

"Miƙe mana, mai iyo!"

Mashkura ta saki tukunya, ta fizgi filafilin wani kwalekwale, ta kwaɗa wa Badamasi a baki. Haƙora suka zube. Ta sake ɗagawa ta sauke masa a hannu, sarƙar ta faɗi. Mata suka yo kansu da duwatsu suna ihu, sai da masunta suka zo suka ɗaure su ukun.

Albashir ya kwanta jinya. Raunukan suka warke, amma kwanciyar ta tayar da tsohon ciwon. Ƙugu ya ɗau zafi, baya ya sandare, ko juyi sai an juya shi. Ya aika mata:

"Baba ya yi gaskiya. Ki manta da ni."

Mashkura na gama karantawa ta miƙe. Gaban mahaifinta ta je ta durƙusa.

"Baba, matan gulbi sun shaida gaban hakimi ƙarya aka yi mishi. Mu tahi ka gan shi da idonka."

Suka tarar likita ya ba da izinin motsi, amma Albashir ya juya fuska ga bango.

"Tashi, Kifina," ta ce. "Ban zubar da haƙoran mutum don ka kwanta ba."

Ya dafa bango yana cizon leɓe, zufa na karyo masa, ƙafa ta ƙi ɗauka. Sai ya ji kafaɗa a ƙarƙashin hammatarsa. Ta Malam Ɗanmusa ce.

"Taka, yaro. Ina riƙe da kai."

Kullum yana ƙara taku, daga zaure zuwa ƙofar gida, daga nan zuwa gulbi, kumburin ya riƙa lafawa. Ciwon bai tafi ba, amma ya sassauta.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Albashir ya zo gaban surukinsa zai durƙusa, amma bayansa ya ƙi lanƙwasuwa yadda yake so. Tsohon ya riƙo hannunsa.

"Tsaya a tsayenka, haka na hi son ganinka. Allah shi yi muku albarka."

Daga cikin gida Mashkura ta ce amin, guɗa ta ɗauka.