Sabulun Hadijatu

"Wa ya ba ka izini, Lawali?"

Haka na tare shi a zauren gidanmu a Gwandu, ko sallamarsa ban amsa ba. Na miƙa masa takardar da maƙwabciyarmu ta kawo mini daga kasuwar Kalgo. Takardar naɗe sabulu ce, ruwan ɗorawa, ga fuskata a tsakiya ina murmushi kamar marar aikin yi. A ƙasa an buga da manyan baƙaƙe: SABULUN HADIJATU.

Shi kuwa bawan Allah har da washe baki.

"Ashe kin gani! Na so ni in kawo miki da hannuna, sanyin idona..."

"Hoton Salla na ba ka ka aje cikin akwati! Ban ba ka don ka manna ga sabulu ba!"

Lawali ɗan Kalgo ne, kuma a shekarar nan ta 1993 yake gama kwaleji a Birnin Kebbi, inda yake karanta kasuwanci: yadda ake ƙera kaya, yadda ake tallata su, yadda ake tafiyar da ma'aikata. An riga an sa aurenmu bayan kaka. Dokar karatunsu ita ce kowane ɗalibi ya yi wani abu da hannunsa ya kai kasuwa kafin a ba shi takardar shaida. Shi sai ya dafa sabulu a rabin duro a bayan gidansu, da manja da soda, ya zuba a katako ya yayyanka. Sabulun ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Hadijatu, saurare ni. An koya muna kaya ba su tahiya sai da suna da huska, don mutum bai mance huska. Na duba ko'ina, wace huska ta hi taki?"

Wallahi da wata rana ce da maganar nan ta narkar da ni.

"Ka mance sunan wa gare ni?"

Murmushin ya fara bajewa.

Sunan kakata ne, mahaifiyar Baba. Tunda aka haife ni Baba bai taɓa furta shi ba, Uwata yake kirana, ko faɗa zai yi mini sai ya ce "Uwata, ba a haka." Yanzu ga sunan a bakin masu talla a tasha, suna ƙwala shi tun ƙarfinsu: "Hadijatu mai kumfa! A zo a sayi Hadijatu!"

Muna tsaye Baba ya shigo daga masallacin la'asar. Ya dubi takardar, ya dubi Lawali da ya zube ƙasa yana gaisuwa. Na yi zaton zai yi ihu, amma muryarsa ko tashi ba ta yi ba.

"Na ji su da kunnena ga tasha. Lawali, tahi gida. Gobe za a maido muku kayanku."

"Baba, don Allah... wallahi don ƙauna na yi!"

"Na sani. Amma wanda bai san abin da aka ɓoyewa ba, ba ni ba shi ajiya."

Ya wuce ciki. Na zame jikin bango na fashe da kuka.

Na yi fushi da Lawali kwana biyu, na yi fushi da Baba wata guda. Dattawan Kalgo suka zo ban haƙuri suka koma. Lawali ya ƙone sauran takardun, ya bi 'yan sari yana karɓo abin da bai ƙare ba, amma sabulu ya riga ya kai Jega da Bunza, kuma wanda ya saya ai ba ya adana takarda, warewa yake ya yar. A kwaleji kuwa shi ya zo na ɗaya. Abin haushi!

Ni dai na daina cin abincin kirki. In Baba ya ce "Uwata" sai in amsa ciki-ciki. Na lura duk ranar kasuwar Kalgo yakan fita da sassafe da sandarsa, ga ciwon gwiwa, ya dawo da yamma ƙafa duk taɓo, amma ban tambaya ba. Ina ruwana, ai fushi nake.

Mafita ɗaya ta rage mana: Gwaggo Delu, yayar Baba da ke aure a Kalgo. Ita ta goya shi, kuma in ta ce a yi, ko yana kuka sai ya yi. Na ce a gida zan je gaishe ta, na hau mota.

Lawali ya tare ni a bakin kasuwa. An yi ruwa da asuba, ko'ina ya caɓe. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, tausayinsa ya kama ni.

"Rabin raina... kin zo!"

"Na zo. Mu tahi wurin Gwaggo kahin zuciyata ta canza."

Muka ratsa ta bayan rumfunan masu sabulu don gajerce hanya. A nan na ja na tsaya.

Wani tsoho ne duƙe a bakin kwata, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, hannu ɗaya a kan sanda. Ya zaro wata takarda ruwan ɗorawa daga taɓo, ya goge ta da hannun rigarsa a hankali, ya ninke ya sa a aljihu. Ya matsa gaba da ƙyar. Wani mai buhu ya taka wata, tsohon ya jira har ya ɗaga ƙafa.

Baba ne.

Na laɓe jikin rumfa. Yana kusa har ina jin nishinsa. Ya ɗago wadda aka taka, sawun takalmi a kan goshina, ya sa babban yatsa yana sharewa.

"Sannu, Uwata," in ji shi can ƙasa. "Sannu."

Lawali ya yunƙura. "Bari in tai in kama mai..."

"Tsaya nan."

"Hadijatu, Gwaggo na jiranmu!"

"Ba ni zuwa." Hawaye suka ɓalle mini. "Ina son ka, Lawali, Allah ya sani ina son ka! Amma ba ni sa a tanƙwara wanga tsoho. Dubi yadda ya riga ya duƙa..."

"To ni fa? Ni ina za ni?"

Na fita daga bayan rumfa, na durƙusa a taɓo kusa da Baba, na zaro takarda ɗaya na miƙa masa.

Ya daɗe yana kallona. Bai tambaye ni me ya kawo ni Kalgo ba.

"Uwata, tashi. Zanenki zai ɓaci."

Ban tashi ba. Muka ci gaba da tsinta ni da shi har kasuwa ta fara watsewa. Can ƙarshen layi na hango Lawali shi ma a duƙe yana tsinta, yana goge ido da hularsa. Baba bai dubi wajen ba, ni ma na sunkuyar da kai.

Kaka ta zo ta wuce, ba a ɗaura auren kowa a gidanmu ba.