Mai Karɓa a Ƙarshen Bututu

Ni Zayyanu ba matsoraci ba ne, kowa ya sani. Amma wata ranar Talata a bara, wallahi na ji tsoro har cikin ƙashi.

Gab da magariba ne, ni kaɗai na rage a ofishinmu na Ƙofar Atiku. Manhajoji biyu gare mu cikin kwamfuta guda: ɗaya na rubuta saƙo, ɗaya na karantawa, ta wata hanya da muke kira bututu. Ƙa'idar na'ura ce, in mai karatu ya mutu, wato ya daina aiki, sai ta aiko sigina ta kashe mai rubutu, don kada ya yi ta zuba ba mai saurare. Kwana uku siginar nan na kashe mini aiki.

Maimakon in binciko abin da ke kashe mai karatun, sai na yi aikin rago. Layi guda na ƙara cikin umarnin mai rubutu: in sigina ta zo, a yi biris da ita.

Maigandi, tsohon da ke mana gadi, ya leƙo da buta a hannu.

"Malam Zayyanu, an yi kira. Lokacin ga ba na zama ba ne."

"Yi alwala, Baba, ina nan tahe."

Na duba, mai karatu a mace yake. Don gwaji na rubuta sunan ɗiyata, Wasila, na tura. Sanarwar kuskure ya kamata in gani, tunda ba mai karɓa.

Saƙon ya wuce. Wani ya karɓa.

Cikin bango na ji ƙara, kamar ana kurɓar kunu. Warin tsohuwar rijiya ya cika ɗakin.

Na buɗe baki in yi ihu. Babu sauti.

Wani abu ya kama maƙogwarona daga ciki, yana ja. Hannuwana na kan cinya, amma kalmomi na fitowa a allon kwamfuta da kansu. Sunan innata. Sunan matata. Sun jeru suna jiran turawa.

Kurɓar ta matso bayan kunnena.

Na shuri kujera da iya ƙarfina don a ji ni daga waje. Maigandi ya faɗo ɗakin yana salati, ya fizge wayar wuta daga bango.

Sai da na kwana tara sannan muryata ta dawo. Komai ina iya faɗa, ban da sunan da na tura da hannuna. In na zo kiran yarinyar, leɓɓana su motsa, iska kawai ke fita. Shekara guda ke nan, "ke" nake ce mata.

Jiya na ji ta a tsakar gida, muryarta ƙasa-ƙasa: "Inna, mi na yi wa Baba?"