Majanyin Inna Yalwa a Bakin Warwarau

Warwarau ba ta san Juma'a ba, ba ta san Sallah ba. Kwana ɗari uku da sittin da huɗu ke nan tana aiki, ba ta tsaya ko na ƙiftawar ido ba. Ta baki ɗaya tsofaffin tufafi ke shiga a kan wata doguwar bel mai tafiya da aka rufe da gilashi. A ciki wasu siraran haƙoran ƙarfe su kama bakin zare su warware shi, tururi ya wanke launi, sannan ta ɗaya bakin sabon yadi ya fito yana sheƙi, a loda shi a jiragen da ba su da matuƙa. Rigar da wani ya tuɓe ranar Litinin, kafin wata Litinin ɗin ta zama ɗankwalin wata mata a can wata uwa duniya.

Na'urar ta Kamfanin Lallausa ce, mai shaguna a ƙasashe sittin da ɗaya, kuma ita ce abin taƙamar Sabuwar Funtuwa a shekarar 2094. Duk tufar da Lallausa ya sayar akwai kwanan wata a bakinta: wata shida, ka mayar, a ba ka sabuwa. Kamfanin ya ce da haka ya ceci ruwa da ƙasa, kuma a yi masa adalci, bai yi ƙarya ba. Tulin tsummokaran da a da ya cika bayan gari ya ɓace. Kwatocin da ruwan rini ke malala a cikinsu sun washe. Auduga kuwa an bar nomanta yau shekara talatin, tunda a faɗar kamfanin, zaren da ke duniya ya ishi duniya.

Tabawa na cikin masu zama a gaban gilashin nan. Shekararta hamsin da shida, goma sha tara daga ciki a wannan kujera ta yi su. Aikinta shi ne ta juya wani hannun ƙarfe da ke cikin gilashin, ta tsince zif da maɓalli da duk wani ƙarfe kafin tufa ta isa haƙora. Hannun ba ya ɗaukar yadi, an hana shi tun a ƙira, domin duk abin da ya hau bel an riga an auna shi. In ana son ciro tufa, hanya ɗaya ce tak: jan madannin da ke gefen damanta. A danna shi, Warwarau ta tsaya cik, kuma sai ta yi kwana uku kafin ta sake ɗaukar zafi.

Ranar da muke magana kuwa, ko mahaukaci ba zai kusanci madannin nan ba. Da azahar shekarar kamfani ke cika. Manyan Lallausa na ƙasashen waje sun bayyana a majigin bango tun hantsi, ana karanta musu rahoton shekara: ciniki ya ƙaru, an buɗe sababbin shaguna ɗari biyu, an yi tsimin ruwan da zai shayar da birni guda. Duk wannan suna gyaɗa kai ne kawai. Abin da suke jira shi ne layin ƙarshe, wanda aka riga aka rubuta da manyan baƙaƙe a ƙofar masana'anta: BA ABIN DA YA RAGE. Funtuwa za ta zama gari na farko a duniya da kowane ƙyalle ya koma cikin Warwarau. Babban allon sama yana nuna kashi 99.98 cikin ɗari.

Wadda ta ɗauki wannan alkawari a gaban manya ita ce Injiniya Rumasa'u, shugabar sashen, kuma 'yar farin Tabawa.

To, a nan ake yin ta. Duniya ta canja, motoci sun bar ƙasa, amma kunyar ɗan fari ba ta bar Tabawa ba. Shekara talatin da uku, ko sau ɗaya sunan Rumasa'u bai taɓa fita daga bakinta ba. Tana ƙarama "ke" take ce mata, da ta gama karatu ta samu sauƙi, ta koma "Injiniya". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta kallonta ido cikin ido. Yanzu ga Rumasa'u da cikin wata takwas bayan doguwar jira, ta dawo gida goyon ciki, amma Tabawa ko kalmar ciki ba ta taɓa furtawa ba. Sai dai ta dama kunu ta ajiye a bakin ƙofa ta wuce abinta, kamar ba ita ba.

Jiya da yamma Rumasa'u ta tare ta a tsakar gida.

"Umma, an roƙi duk ma'aikata su kawo abin da ya saura a gidajensu. Don Allah in kina da wani tsumma a ɗakinki, ki ba ni."

"Ni ina na ga tsumma, Injiniya? Ba kun kwashe ba?"

Ta faɗa ne tana kallon tukunya. Akwai ƙunshi ɗaya a ƙarƙashin gadonta, an naɗe shi da wani koɗaɗɗen zane don kada ya ja ido. Niyyarta in an sauka lafiya ta sa majanyin da ke ciki a kayan jariri ba tare da ta ce uffan ba, yadda uwarta ta yi mata.

Yau, saura minti goma sha biyu azahar, ta hango ƙunshin a cikin gilashi. Koɗaɗɗen zanen ne ya fara zuwa, ɗaurin ya kwance a cikin keken tara tsumma, sai ga majanyin a shimfiɗe a kan bel. Baƙin shuɗi, da ratsin fari uku a kowane gefe, da faci ɗaya na jan zare a kusurwa. Ashe bayan fitowarta da safe Rumasa'u ta sa an share ɗakin, ta ga ƙunshin tsumma, ta miƙa wa keke.

Tabawa ta saki sandar da take juya hannun ƙarfen da ita.

Inna Yalwa, mahaifiyarta, ita ta saƙa shi tana ɗauke da cikinta. Audugar daga gonarsu ta bayan rafi aka cire ta. Tabawa ta tashi ta tarar da gonar nan, ta san yadda takan yi fari fat bayan damina, da yadda ƙwanson ke sukar yatsa, da yadda mata ke zama a gindin ɗorawa suna gurza suna kaɗi da mazari, hira na tafiya, zare na tsawo. Tana tuna ƙarar masaƙar Inna da aka jingine a bangon ɗaki, da hannuwanta da shuni ya rina har ta bar duniya bai fita ba. Majanyin nan ƙanshinsa daban ne, hayaƙin kara da man shanu da jikin Inna. Duk shekara takan ciro shi ta shanya a inuwa, ta sa fuska a ciki, ta yi kukanta ta mayar. Shi kaɗai ya rage mata na gidansu, gonar ma yanzu tashar jirage ce.

Sallau, abokin aikinta na kujerar kusa, ya leƙo.

"Yaya Tabawa, lafiya? Ga zif can ya wuce ki."

"Na Inna ne," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Majanyin Inna ne, Sallau."

Sallau ya dubi bel, ya dubi allon sama. Shi ma ɗan garin ne, ya san abin da ake nufi.

"Ki danna, Yaya. Ni zan ce ni na danna, su kore ni in sun ga dama."

Ta ɗora tafin hannunta a kan jan madannin. Sanyinsa ya ratsa ta. Tsakanin majanyin da haƙora bai fi taku ashirin ba, kuma bel ba ta da hanzari, a hankali take tafiya kamar mai jan rai. Sai ta ɗaga kai. Can a barandar sama Rumasa'u na tsaye gaban majigin manya, hannu ɗaya ta dafe bayanta, ƙafafunta a kumbure, idonta kur a kan allo. Shekara huɗu yarinyar nan ba ta ci abinci da zafinsa ba saboda wannan rana. In na'urar ta tsaya yanzu, shekara ta cika da giɓi, kuma kowa zai ji cewa uwarta ce ta tsayar.

Tabawa ba ta taɓa ce mata sannu da ƙoƙari ba. Ba ta iya ba. Ta janye hannunta, ta sa shi a ƙarƙashin cinyarta ta danne.

Ta kalli ratsin farin yana shiga, sai jan facin, shi ke nan. Allon ya juya: 100.00. Masana'anta ta ɗauki tafi da guɗa, manyan da ke majigin bango suna ta murmushi da barka da harsuna iri-iri. Tabawa ta kama sandarta ta ci gaba da tsince maɓallai, ba ta ganin komai sai dishi-dishi.

Bayan sati uku Rumasa'u ta haifi mace, aka sa mata suna Yalwa. Kamfani ya aiko da akwatin barka, a ciki har da majanyi samfurin bana, mai laushi kamar ruwa. Ranar da jaririyar ta cika arba'in, da hantsi, Tabawa ta ɗauke ta ta goya. Ba a kunyar jika, wannan kam za ta yi son ranta. Sai dai ɗaurin ya ƙi zama. Ta ɗaure, ya zame. Ta sake tamkewa, ya sake sulluɓewa.

"Wannan abin naku ba ya riƙe ɗa," ta ce.

Rumasa'u na zaune a tabarma da allon aikinta a cinya, fuskarta ba walwala.

"Ba ya riƙewa, Umma. Ba mu sa wannan a rahoto ba. Duk warwarar da aka yi wa zare sai ya ƙara gajarta. Namu an juya shi ya fi sau hamsin, ya gaji. Bana ɗinki ya fara ɓarkewa a shaguna. Amma yadin da ya fito ranar ƙarshe ya ci gwajin ƙarfi, shi kaɗai a duk shekarar. Warwarau ta nuna cewa wani ƙyalle ne ɗaya ya shiga, giram ɗari huɗu da goma, zarensa dogo, ba ta taɓa cin irinsa ba. Tana neman tan tara na irinsa, in ba haka ba baɗi ba za mu fitar da abin sawa ba." Ta juyo da allon. "Na bi sawun keken da ya kawo shi. Daga gidan nan ne. Umma, mene ne a ƙunshin nan?"

Tabawa ta gyara goyon, ta kalli bango.

"Majanyi ne. Inna ta saƙa."

"Wa aka goya da shi?"

"Ni. Sai ke."

"Kin gan shi a bel?"

"Na gan shi."

Rumasa'u ta ajiye allon a hankali. Ta san inda jan madannin yake, dab da hannun daman uwarta. Hawaye ya cika mata ido, amma abin da ya fito daga bakinta tambayar da ta yi shekaru tana cinta ce.

"An ce Inna Yalwa ce ta goya ni har na yi tafiya. Ke kin taɓa goya ni kuwa, Umma?"

"A gaban mutane, a'a." Sai maganar ta ɓalle wa Tabawa. "In Inna ta tafi unguwa nakan sa sakata, in ɗauke ki in goya, in yi ta zagaya ɗaki har ki yi barci. Wata rana na ji sallamarta, garin saurin kwancewa ƙusar ƙofa ta yaga shi. Ni na yi facin da jan zare. Inna ta gani, ba ta ce komai ba, sai dai daga ranar unguwarta ta ƙara tsawo." Ta juyo, ta dube ta ido cikin ido. "Na goya ki, Rumasa'u. Na goya ki sosai."

Rumasa'u ta rufe fuska da tafukanta ta yi kuka mai sauti. Da ta lafa ta jawo allon da sauri tana latsawa, wai ko za a iya dawo da wani abu. Amsar ta fito nan take: an raba zaren a riguna dubu arba'in, sun watsu a ƙasashe sittin da ɗaya, nan da wata shida za su dawo a sake warware su a gauraya.

"Umma, ba wanda ya rage da irin auduga a garin nan? Ko 'yar ƙwara a ƙwarya? Ba wadda ta iya kaɗi?"

Tabawa ta bi gidajen unguwarsu ta da a zuciyarta, ƙofa bayan ƙofa, tana kiran sunayen matan gindin ɗorawa. Duk wadda ta kira, ta riga mu gidan gaskiya. Ƙwaryar ma an daɗe da daina gani.

"Kun rubuta a ƙofarku, ba abin da ya rage," ta ce, ba da faɗa ba. "Gaskiya kuka rubuta."

Jaririyar ta motsa ta fara ƙananan kuka. Tabawa ta sake ɗaure majanyin kamfani karo na uku, bakinsa ya juyo waje, kwanan watan da za a mayar da shi ya fito ɓaro-ɓaro: saura kwana ɗari da arba'in. Ta fara zagaya tsakar gida tana jijjiga ta, a fili wannan karon, ƙofa a buɗe. Ɗaurin ya soma zamewa tun kafin ta kai bakin rijiya. Sai ta mayar da hannunta baya ta tallafi yarinyar, ta ci gaba da tafiya a haka, ba ta yarda ta saki ba.