Mai Lasar Dutse

Ranar da Hamdiyya ta fara ganin Badaruddeen, yana tsugune a bakin gonar mahaifinta a Zoza. Ya fasa wani dutse da guduma, ya kai baki ya lasa.

"Malam, lafiya? Ko in kawo maka abinci ne?"

Ya yi dariya. Ya ce shi ɗan Ƙaraye ne, masanin duwatsu a aikin gwamnati, an turo shi ya nemo inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Busasshen dutse yakan ɓoye kamanninsa, sai an jiƙa shi ake gane irinsa.

Bayan wata biyar ya turo magabatansa neman aurenta, amma Malam Lado, mahaifinta, ya ƙi. Sabi'u, wanda ya daɗe yana nemanta, ya riga ya kai masa labari cewa baƙon yana da taɓin hankali, kowa ya gan shi yana lasar duwatsu.

Badaruddeen ya turo mata saƙo: "Zumata, shekara tara ina wannan aiki, rani da damina. Yau ni ake ce wa mahaukaci? Wallahi raina ya ɓaci."

Ta amsa: "Nawa ya fi naka ɓaci, Masoyina. Kada ka bar garin nan. Ka bar ni da Baba."

Da safe ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, kai ma kakan ciji gyaɗa ka ji ko ta bushe. Wa ya taɓa zagin ka a kan haka? Mutum ya zo nema mana ruwa, sakayyarsa ke nan?"

Washegari Malam Lado ya sa aka kira Badaruddeen, ya ajiye masa duwatsu uku a kan tabarma.

"Gaya mini inda kowanne ya fito."

Badaruddeen ya jiƙa su ɗaya bayan ɗaya, ya duba.

"Wannan na gonarka ne. Wannan daga rafi aka ɗauko shi. Wannan kuwa, Baba, guntun tsohuwar tukunya ne."

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"An sa na ci mutuncin baƙo a kan ƙarya. Ka yafe mini, ɗana. Ka ce wa iyayenka su dawo."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Malam Lado da kansa ya riƙe hannayen ango da amarya, ya ce, "Allah ya haɗa kanku, ya raba ku da bakin mutane."