Ɗanyen Fenti a Tsohuwar Ƙofa

Ƙarfe bakwai na safe, ana ɗan yayyafi, Sufeto ya isa shagon Baba Kafinta, mai kankare fentin tsofaffin ƙofofi. Tsohon na kwance rub da ciki a kan ɓawon fenti, ƙeyarsa a fashe, jini ya gangara har gindin wata ƙofar katako mai sassaƙa.

A waje kuwa mutane sun rufar wa maƙwabcinsa Mai Walda da duka. Sai da Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya harba bindiga sama suka sake shi, bakinsa jina-jina.

"Wa ya ce shi ne?" in ji Sufeto.

Dogo, ƙanen mamacin da suke aiki tare, ya matso. "Ni ne, Yallaɓai. Jiya sun yi cacar baki da Yaya kan tartsatsin walda. Ni tun da rana na tafi, ko taɓa ƙofar nan ban yi ba."

Sufeto ya tsuguna ya shafa ƙofar. An kankare rabinta fes. A kusurwar ƙasa yatsansa ya kwaso koren fenti, ɗanye. Ana cire fenti, wa zai ƙara sabo? Ya goge wurin da makullinsa. Furen da aka sassaƙa ya ƙone ƙurmus a ƙarƙashi.

Ya kira matar mamacin. "Inna, maigidanki yana gasa fenti da wuta?"

"Wuta? Har abada! Soda yake shafawa, ya jira, ya bi da wuƙa a hankali kamar mai aske jariri. Kullum faɗansu da Dogo ke nan, shi Dogo gaggawa ta yi masa yawa."

Sufeto ya juya. "Dogo, sanyi kake ji? Fito da hannunka daga aljihu."

"Yallaɓai, ciwo ne."

"To mu gani, mu ma mu yi maka sannu."

Dogo ya zabura ya rarumi wuƙar kankare fenti, ya yanki Kofur a dantse. Sufeto ya taɗe Dogo, ya danne wuyansa da gwiwa. Babban yatsan Dogo ya tashi da ƙuna, ƙarƙashin faratansa kore shar.

Dogo ya fashe da kuka. "Na ɗauko wutar gas don mu gama da wuri, furen ya kama. Na shafa fenti in ɓoye, Yaya ya shigo ya gani. Ya kwaɗa mini mari, ya ce ƙofar da ta girmi ubanmu na kashe. Guduma na kusa da ni. Wallahi sau ɗaya na buga."

"Sau ɗayan ya isa," in ji Sufeto, ya ɗaura masa ankwa.

Wajen hawa mota takalmin Dogo ɗaya ya suɓuce cikin taɓo. Mai Walda ya ɗingiso ya ɗauka, ya karkaɗe, ya ajiye masa kusa da ƙafa. Dogo bai ɗago kai ba. Motar ta tashi.