Malam Bai Kashe Makirfo Ba

Wata tela tana kan keken ɗinki 'yarta ta dawo daga makaranta, ko sallama babu. Ta zare na'urar ji daga kunnenta ta dangwarar kan yadin da uwar take ɗinkawa.

"Momi, ba na so!"

Tela ta tsayar da keken. Firamare ce ta ba yarinyar na'urar nan, malamin ajinta kuma yana maƙala ɗan makirfo a wuyan rigarsa, duk abin da ya furta sai ya faɗa kunnenta kai tsaye. Ta nan ya san tela, wadda mijinta ya rasu, har soyayya ta kai su maganar aure.

Da ƙyar uwar ta lallashe ta ta mayar da na'urar. "Wa ya taɓa min ke?"

"Mamar Ticha ce ta zo. Ya fita wajenta, bai kashe makirfo ba." Hawaye suka ɓalle mata. "Ta ce ba za a kawo mata kurma cikin zuri'a ba, wai abin kunnena ma abin kunya ne!"

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya ce, 'Kwantar da hankalinki Mama, ana ɗaura aure zan tura ta wajen kakarta.'"

Kai, mutum! Jiya-jiyan nan yake rantsuwa 'yarsa ce.

Da yamma malamin ya zo, kai a sunkuye. "Wallahi lallashin Mama kawai nake, ki fahimce ni..."

"Da 'yata za ka lallashe ta? Yarinyar da ba ta taɓa jin muryar ubanta ba, taka ta fara ji, ka ga abin da ka zuba mata!"

Ya durƙusa gaban yarinyar. "Sori, 'yar gwal, saurare ni..."

Ta dube shi, ta kai hannu ta kashe na'urar. Ya yi ta magana, ita tana kallon bakinsa yana motsi.

Tela ta fasa auren. Ta sha kuka, don tana son sa sosai, amma ta daure ta sauya wa 'yarta aji. Wanda yake son ki da gaske ba ya sayen yardar danginsa da abin da kika haifa.

An daɗe kafin yarinyar ta sake yarda da muryar wani. Ran da ta yarda, da kanta ta kunna na'urar, ta kwanta a cinyar uwarta.

"Momi, kira sunana. Muryarki nake son ji."