Faifan da Rana Ta Lanƙwasa

"Marnie, kin taho da faifan?"

Ta ƙanƙame jakarta, ta kasa haɗa ido da Thanasi.

"Yana nan..."

"To shigo mana zuciyata, Kaka tun safe take gasa rago, ke kaɗai ake jira."

Ina ma ƙasa ta tsage ta shige!

Bara war haka Marnie ba ta san faifan garmaho ba sai a hoto. Gajiya ta yi da waƙoƙin waya, manhaja ta zaɓa mata, ta ji rabi ta tsallake, har ta wayi gari ba waƙar da take so. Ran nan ta faɗa wani shagon tsofaffin fayafayai a unguwar Northcote, ta tarar da mai shagon yana goge faifai kamar mai yi wa jariri wanka. Thanasi ke nan. Tun daga ranar ta zama 'yar gida a shagon, kuma kowa ya san ba don fayafayan kaɗai ba.

Kakarsa Fotini da ta rene shi ce ta ƙi maganar aurensu.

"Wadda ko gaisuwa ba ta iya da Girkanci ba? Ga Despina 'yar maƙwabta tana jiranka!"

Da ƙyar ya shawo kanta ta ara wa Marnie faifan marigayi mijinta, wanda ya rera da bakinsa yana saurayi, don ta san ko su waye su. Faifan nan shi kaɗai ya rage a duniya. Tsohuwar ta hana a kwafe shi, wai mijinta ba zai zauna cikin waya ba.

Jiya kuwa, cikin zafin Janairu, tsakiyar bazara a ƙasar nan, Marnie ta biya bakin teku ta bar faifan kwance a kujerar bayan mota. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ba zai yi wannan wautar ba. Ta dawo ta iske shi ya lanƙwashe kamar murfin kwanon da aka taka.

Yau a teburin Kaka, Marnie sai jujjuya abinci take. Despina, wadda ta leƙa jakar lokacin da Marnie ta je wanke hannu, sai murmushi take dokawa.

"Kaka, a sa mana faifan mana. Ai na san Marnie ta riƙe amana, ko ba haka ba ƙawata?"

Marnie ta miƙe. Ta zaro shi ta ajiye gaban tsohuwar.

"Ni ce... a mota na bar shi. Ba ni da bakin ba ki haƙuri."



"Marnie!" Muryar Thanasi ta karye. "Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kunya, masoyina... da wane ido zan kalle ka?"

"Ai dama na faɗa," in ji Despina. "'Yan koyo sai ɓarna."

"Ke, ci namanki," Kaka ta ce ba tare da ta dube ta ba. "Thanasi, ɗora shi."

Ya ɗora. Faifan na juyawa yana tashi yana sauka, allurar ta yi tsalle ta dire gefe. Ya sake gwadawa, ta sake zamewa. Sai da ya matsar da ita ciki sannan muryar marigayin ta fito tangaran.

"Waƙoƙin ciki suna nan Kaka," ya ce a hankali. "Ta farkon ce ta tafi."

Marnie ta rufe fuska. Ta san waƙar farkon. Ita ce wadda marigayin ya rera wa Fotini kafin su hau jirgin ruwa su baro ƙasarsu.

Tsohuwar ta ɗage allurar da hannunta. Ta daɗe tana kallon faifan. Can sai ta buɗe baki ta fara rerawa, murya na rawa, hawaye na bin kumatunta, har ta kai ƙarshe.

Ta juyo ta watsa wa Marnie harara.

"Ba ki ji ko kalma ɗaya ba ko?"

"A'a Kaka..."

"Yanzu a bakina kaɗai ta rage, ni kuwa na kusa gangarawa. Ke kika kashe ta, ke za ki ɗauka. Duk Lahadi ki zo, sai kin iya ta ba gargada. Ba za a rena min 'ya'yan Thanasi ba su san waƙar kakansa ba... wato 'ya'yanku nake nufi, daina zare min ido!"

Thanasi ya yi dariya yana share ido. Despina ta suri jakarta ta fice.

Marnie ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata.

"Tashi 'yar nan, kuka ba ya koya wa mutum waƙa." Kaka ta jawo mata kujera kusa da tata. "Buɗe baki. Faɗi abin da na faɗa."